Ruwan sama da inabi: muhawara a kan yankin Vinho Verde na ƙasar Fotugal

Aliyu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Kamar yadda wasunku suka sani, ina karatun aikin gona a arewacin ƙasar Fotugal, kuma a makon jiya aka zagaya da mu gonakin inabi na lardin Minho, wanda mutanen wurin ke furtawa Minyu. Yanki ne da ke arewa maso yammacin ƙasar, tsakanin kogin Minho da ya raba su da Sifaniya da kuma kogin Douro, yana fuskantar Tekun Atilantika. Tun shekarar 1908 hukuma ta shata masa iyaka da sunan Vinho Verde, kuma an san shi a duniya da farar giyar inabi mai tsami da sauƙin ƙarfi. Abin da ya ɗaure mini kai, har ya sa na kawo maganar nan, shi ne ruwan sama. Yawancin yankin yana samun tsakanin milimita 1,200 da 1,500 a shekara, a duwatsun Gerês ma yakan haura 2,500, alhali Zariya tana samun kimanin 1,000 ne kawai. Mu kuwa tun muna yara muke jin manoman inabi na cewa damina ce babbar abokiyar gabarsu. To, ta yaya ƙasar da ta fi mu ruwa ta shafe ɗaruruwan shekaru tana noman abin da ruwa ke kashe mana? Ina da ɗan abin da na fahimta, amma na fi son in fara jin ta bakin manya.

Malam Garba: Wa alaikumus salam, Aliyu. Allah ya ba da sa'ar karatu. Ni a ƙasar Kudan nake noman inabi, kuma abin da ka faɗa game da damina haka yake. Idan watan Agusta ya kama, ganyen yakan fito da tabo rawaya kamar an ɗiga masa mai, bayansa ya yi farin gari, kafin mako biyu ya bushe ya zube. Idan akwai 'ya'ya a lokacin, to sai dai haƙuri. Saboda haka ni ma na matsu in ji sirrin mutanen nan, domin idan iri ne suke da shi mai jure ruwa, ina so in san hanyar da zan same shi.

Malam Idris: Kafin a yi nisa, ina da tsokaci. Wannan inabi da ake magana a kansa don giya ake noma shi, kuma hukuncin giya a wurinmu ba ɓoyayye ba ne. Malamanmu ma sun hana sayar da inabi ga wanda aka san matse shi zai yi ya mayar da shi abin maye. Ina roƙon a kula kada zauren manoma ya zama wurin tallata abin da aka hana mu.

Baba Mamman: Allah ya gafarta Malam, tsokacinka a kan hanya yake, kuma na tabbata Aliyu bai kawo maganar don ya kwaɗaitar da kowa ba. Sai dai kurangar inabi tsiro ce, cutar da ke cin ganyenta a Minho ita ce ke cin ganyen Malam Garba a Kudan, wanda kuwa yake noma nasa don ci da sayarwa a kasuwar 'ya'yan itace. Na yi shekara talatin ina aikin malamin gona, kuma mafi yawan abin da aka sani a duniya game da cututtukan inabi da yadda ake yi masa aski daga ƙasashen masu giya ya fito, domin su ne suka kashe dukiya wajen bincikensa. Za mu ɗauki ilimin ƙasa da ruwa da iri, mu bar musu tulunsu. Akwai kuma 'yan'uwa Kiristoci a cikinmu da nasu hukuncin daban, su ma zauren nasu ne.

Malam Idris: Na gamsu da wannan, Baba. A ci gaba.

Dakta Hadiza: Aliyu, amsar tambayarka tana cikin kalandar ruwan. Ka ɗauko taswirar ruwan garin Braga na lardin Minho wata-wata ka ajiye kusa da ta Samaru, za ka ga kamar an kifa ɗaya a kan ɗaya. A Minho ruwa yana zuba ne daga Oktoba zuwa Afrilu ko Mayu, wato a lokacin sanyinsu, sa'ad da kuranga ta zubar da ganye ta shiga barci, babu abin da fumfuna za ta kama. Watannin Yuli da Agusta, lokacin da 'ya'ya ke cika suna nuna, su ne mafi bushewa a shekararsu, ruwan kowane ɗaya daga cikinsu bai cika wuce 'yan milimita gomomi ba. Mu kuwa kusan dukkan ruwanmu yana sauka ne cikin wata huɗu ko biyar masu ɗumi, Agusta kaɗai yakan kawo fiye da milimita 200, kuma kurangarmu tana ɗauke da ganye a lokacin, domin a nan babu sanyin da zai sa ta barci. Ɗumi da laima da ɗanyen ganye idan suka haɗu, cutar nan ta samu duk abin da take bukata.

Amma kada Malam Garba ya ɗauka sun tsira daga ita. Cutar da ya kwatanta, su suna kiranta míldio, asalinta daga Amurka ta Arewa take, ta shigo Turai a 1878, kuma Minho na cikin wuraren da ta fi addaba saboda ruwan watannin Afrilu zuwa Yuni da kuma raɓar da ke kwana a kwaruruka. Manoman Turai suna da wata ƙa'ida da suke kira ta goma uku: idan zafi ya kai digiri 10, sabon toho ya kai tsawon santimita 10, aka kuma yi ruwan milimita 10 cikin kwana ɗaya ko biyu, to cutar ta samu ƙofa, sai a shirya feshi. Maganin da suka daɗe da shi haɗin sinadarin tagulla ne da farar ƙasa, wanda wani masanin tsirrai na Faransa mai suna Millardet ya bayyana a 1885. Akwai kuma wata fumfuna mai kama da toka da ta riga wannan isowa, ita da farar wuta ake yaƙar ta. A taƙaice dai, feshi suke yi, kuma suna yinsa sau da yawa a shekara.

Aliyu: Haka ne, Dakta, na ma ga shaidar hakan da idona. A ƙauyuka za ka ga bangon gidan dutse da ke ƙarƙashin kuranga ya rine ya zama shuɗi-shuɗi saboda feshin tagulla na shekara da shekaru. Wani abin da ya ƙara taimaka musu shi ne ƙasar. Yawancinta daga ruɓaɓɓen dutse ta fito, irin dutsen nan na Kufena, saboda haka tana da yashi da tsakuwa, ruwa ba ya kwanciya a gindin shuka. Tana da tsami, kuma ba ta da ƙarfi sosai sai an ciyar da ita da takin dabbobi.

Baba Mamman: Ɗiyata Hadiza ta yi bayani mai gamsarwa a kan cuta, amma ina so in ja da ita a wani wuri, domin na ga maganar tana neman ta koma cewa yanayi ne ya yi komai. Ni a karatuna, manomin Minho da cikinsa su ne suka siffanta wannan inabi fiye da gajimare. A ƙarni na 16 masara ta iso musu daga nahiyar Amurka, ta tarar da ƙasa mai ruwa, ta karɓu ƙwarai, har masanin labarin ƙasa Orlando Ribeiro ya kira abin juyin juya halin masara. Jama'a suka yawaita, gado ya yi ta rarraba gonaki har suka zama 'yan ƙanana kamar fagen sallah. Mutumin da ke da ɗan fili da iyali masu yawa ba zai ba inabi tsakiyar gona ba, tsakiyar gona ta masara ce da wake da kabeji da ciyawar shanu, kamar yadda namu manomin ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya. Sai aka kori inabi zuwa gefe, aka ce ya nemi wurinsa a sama. Wasu suka bar shi ya hau dogayen itatuwan da ke kan iyakar gona, wannan shi ake kira enforcado, ana hawa dogon tsani a tsinko shi. Wasu suka kafa dirkoki na dutse suka yi masa rumfa a kan hanyoyi da gefen gona, ita ce ramada, ana shuka a ƙarƙashinta.

To, ku duba abin da wannan ya haifar. Kurangar da ta hau itace tana sha daga takin masara da ban-ruwan masara, sai ta yi ganye jingim, ta ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinta, yawancinsu kuma a inuwa. Irin waɗannan 'ya'ya ba sa nuna sosai, sukarinsu kaɗan ne, tsaminsu da yawa. Wannan ne asalin giyar nan mai tsami maras ƙarfi da aka san su da ita. Da masara ba ta zo ba, da wataƙila wani labarin ake bayarwa a yau.

Dakta Hadiza: Baba, ban musa tarihin masara ba, kuma na ji daɗin yadda kuka kawo shi. Sai dai ɗaga kuranga sama yana da dalili na yanayi shi ma. A ƙasa mai laima, nonon inabin da ke kusa da ƙasa shi ne farkon ruɓewa, domin ƙwayoyin cutar a cikin busasshen ganyen da ya faɗi suke kwana, ɗigon ruwa ne ke fantsamo su sama. Idan aka ɗaga shi mita biyu ko fiye, iska tana ratsa shi, raɓa tana bushewa da wuri, sanyin asuba mai ƙona toho a farkon shekara kuma a ƙasa yake taruwa. Saboda haka manomin ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ne, ya sami filin masara, ya kuma tserar da inabinsa daga danshi. A wurare masu zafi da fari na kudancin Sifaniya, ai a ƙasa ake barin kuranga kamar ƙaramin kurmi, domin can ba ruɓa ake tsoro ba, ƙishirwa ake tsoro. Game da tsami kuwa, akwai wani nau'in tsami a cikin inabi, irin na ɗanyen tuffa, wanda zafi ke ƙonewa yayin da 'ya'yan ke nuna. Inda dare ke da sanyi kuma iskar teku ke shigowa ta kwaruruka, wannan tsami ba ya ƙarewa ko da an yi wa kuranga gata.

Bulus: Ina gaishe da iyaye. Ni daga Jos nake, na yi shekaru ina aiki a ɗakin cin abinci na otal, don haka zan iya faɗin yadda abin yake a baki ga masu son fahimtar abin da Baba da Dakta ke jayayya a kai. Wadda aka fi sayarwa a kasuwa fara ce mai hasken kore-kore, ƙarfinta tsakanin kashi 8 da rabi zuwa 11 cikin ɗari ne, tana da tsami kamar na lemun tsami da ɗanyen tuffa, tana kuma ɗan cizon harshe da kumfa kaɗan. Da kifi da abincin teku ake shanta, da sanyi sosai. Kumfar nan tana da tarihi: a da ana zuba ta a kwalba tun tana sabuwa, sai ƙwayoyin halitta su ci gaba da cin wannan tsamin tuffa da Dakta ta ambata a cikin kwalbar, su fitar da iska. Yanzu kamfanoni ne ke ɗura iskar da gangan saboda masu saye sun saba da ita. Sunan ma yakan ruɗi mutane. Verde kore ne a harshensu, amma ba launin abin sha ake nufi ba, domin akwai fara, akwai ja, akwai mai ruwan hoda. An fi fassara shi da ɗanya ko sabuwa, wadda ake sha ba tare da ta daɗe a ajiye ba. Amma na taɓa buɗe wa baƙi kwalbar giyar wani irin inabi mai suna Alvarinho daga garin Monção na wannan yanki, na ga abin ya sha bamban: babu kumfa, ƙarfinta ya kai kashi 13, tana da nauyi da ƙamshin 'ya'yan itace nunannu. Na daɗe ina mamakin yadda suna ɗaya ya haɗa abubuwa biyu masu nisa haka.

Baba Mamman: Madalla, Bulus, ka kawo mini hujjata har gida. Bayan Fotugal ta shiga Tarayyar Turai a 1986, kuɗin gyaran gonaki ya shigo, kuma tun kafin nan matasa da yawa sun tafi ci-rani Faransa da Jamus, babu masu hawa tsani. Sai aka fara sauko da inabi daga itatuwa, aka ba shi gona tasa a kan gangara mai kallon rana, aka jera shi a kan waya daidai ƙirjin mutum, aka rage masa kaya. Sama ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, amma inabin ya nuna, sukari ya hau. A garin Melgaço, gidan da ake kira Soalheiro ya dasa gonar Alvarinho zalla a 1974. Ko launin ma ya canja, domin a da jar giya ce ta fi yawa a yankin, ita manoma ke sha a gida, yanzu kuwa fara ta haura kashi 80 cikin ɗari saboda ita kasuwar waje ke nema. Wannan duk aikin hannun mutum ne.

Aliyu: Baba, da izininku zan ƙara wani abu da ya sa nake ganin Dakta ma tana da rabo a nan. An raba yankin gida tara: Monção da Melgaço, Lima, Cávado, Ave, Sousa, Basto, Amarante, Baião da Paiva. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne kowane iri ya zaɓi mazauninsa gwargwadon nisansa da teku, kuma manoma sun gano haka tun kafin zuwan waya da kuɗin Turai.

Kogunan Lima da Cávado da Ave duk daga gabas suke gangarowa zuwa yamma, kwarurukansu a buɗe suke ga teku, iska mai laima tana shigowa har ciki ba tare da shamaki ba. A nan Loureiro ke mulki. Iri ne mai yawan haihuwa, mai ƙamshin fure, sunansa ma daga louro ya fito, wato ganyen nan mai ƙamshi da Turawa ke sa wa a miya. Ba ya son zafi mai tsanani, sanyin gaɓar teku ya fi yi masa daɗi. Alvarinho kuwa gidansa Monção da Melgaço ne, can ƙuryar arewa a bakin kogin Minho, inda duwatsu suka kewaye kwarin suka tare wani kaso na iskar teku, sai rana ta yi zafi a lokacin nuna, dare kuma ya yi sanyi. 'Ya'yansa ƙanana ne, fatarsu mai kauri, nonon ma ƙarami, ba ya cika kwando, amma yana tara sukari ba tare da ya saki tsaminsa ba. Shi ne dai wanda ake kira Albariño a tsallaken kogi, a lardin Galisiya na Sifaniya. Dokar yankin ta yarda da bambancinsa, domin Alvarinho na Monção da Melgaço dole ƙarfinsa ya kai aƙalla kashi 11 da rabi, wato daga inda na gama-gari ke tsayawa shi yake farawa.

Idan aka nufi kudu maso gabas zuwa Baião, a gaɓar Douro, ruwa ya ragu, zafi ya ƙaru, sai a tarar da Avesso, wanda ma'anar sunansa ita ce bai-bai, iri ne da ke son ɗumi kuma laimar gaɓar teku na saurin ruɓar da shi. A Basto da Amarante, can cikin ƙasa, akwai Azal, mai jinkirin nuna da tsami mai kaifi, wanda in an kai shi wuri mai sanyi ba zai nuna ba sam kafin ruwan kaka ya sauko. Sai Trajadura mai saurin nuna da ƙarancin tsami, ana haɗa shi da sauran don ya sassauta su, da kuma Arinto, wanda a nan suke kira Pedernã, shi kam kusan ko'ina yana yi. Tafiyar awa ɗaya ko biyu a mota ce tsakanin waɗannan wurare, amma a gona sai ka ce ƙasashe daban-daban ne.

Dakta Hadiza: Wannan shi ne abin da nake nufi. An sauko da Loureiro daga itace, an sauko da Avesso daga itace, amma har yau ba su yi musayar gida ba. Sannan akwai abu na uku da ya shiga tsakaninmu da Baba, wato ɗumamar yanayi. Shekarun da aka yi ana gyaran gonakin su ne kuma shekarun da zafi ke ƙaruwa a Turai, girbi yana matsowa gaba, abin da aka saba tsinka a Satumba yanzu wasu na fara shi tun ƙarshen Agusta. A Yulin 2022 an auna digiri 47 a Pinhão da ke kwarin Douro, maƙwabcinsu na gabas. Saboda haka idan sukari ya hau, da wuya a raba a ce ga kason waya, ga kason rana.

Baba Mamman: Na karɓi wannan, ɗiyata, ban yi lissafin ɗumamar ba. Amma ina nan a kan cewa wanda ya je Minho ya kalli sama kawai bai kalli rumbunan masararsu ba, rabin labarin ya gani. Aliyu, idan ka sami dama ka je ƙauyen Soajo ko na Lindoso ka ga rumbunan dutse da suka ɗora a kan ƙafafu, da faifan dutse a saman kowace ƙafa don hana ɓera hawa, da tsaga a jiki don iska ta busar da masara. Za ka tuna da rumbun gidanku.

Malam Garba: Na saurara da kyau, Allah ya saka. Tambayata ita ce, tun da Alvarinho yana da fata mai kauri, ashe ba zai fi jure daminarmu ba? Aliyu, ba za ka iya riƙo mini 'yan sanduna idan za ka dawo hutu ba?

Dakta Hadiza: Malam Garba, ina roƙon ka da ka janye wannan. Na farko, kaurin fata yana taimaka wa 'ya'ya ne a kan ruɓa, ba ya kare ganye daga cutar da ke damunka, Alvarinho ma feshi ake yi masa kamar kowa. Na biyu, iri ne na matsewa, 'ya'yansa ƙanana masu ƙwallo da tsami, mai saye a kasuwar 'Yan Lemo manya masu zaƙi yake nema, ba zai waiwaye shi ba, ga kuma abin da Malam Idris ya tunatar da mu. Na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne ɗauko sanda a jaka ba tare da binciken hukumar killace tsirrai ba. Ta irin wannan hanya ce wani ƙwaro dangin darɓa mai cin saiwa, filoksera, ya shiga Turai daga Amurka a shekarun 1860, ya hallaka gonakin Faransa da na kwarin Douro, har sai da aka koma yi wa inabin Turai aure a kan gindin na Amurka kafin aka tsira. A Minho kanta yanzu suna fama da wata cuta mai sa ganye ya yi rawaya ya nannaɗe, wadda wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, kuma tana tafiya a cikin sandar dashe ba tare da an gan ta ba. Sanda guda tana iya jawo wa dukan Kudan abin da ba a shirya masa ba.

Malam Garba: Na janye, Dakta, ban san abin ya kai haka ba. To, mene ne zan iya ɗauka daga wurinsu?

Dakta Hadiza: Babban darasin shi ne ka sa lokacin 'ya'ya ya faɗo a watannin da babu ruwa. Su sanyi ne ke tsara musu wannan, kai kuwa almakashinka ne zai tsara maka, tun da a ƙasa mai zafi ranar aski ce ke ƙayyade ranar toho. Manoman Nashik a Indiya, waɗanda yanayinsu ya fi kama da namu, sau biyu suke aski: ɗaya a Afrilu don kuranga ta yi sababbin rassa, ɗaya a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke don ta yi fure ta nuna a rani. A cikin damina aikinka shi ne tsare ganye kawai, kuma a nan ne dabarar Minho ke da amfani, wato rumfa mai tsawo, rage ganye don iska ta ratsa, kwashe busasshen ganyen da ya zube, da yin feshi kafin cuta ta bayyana, domin tagulla kariya ce, ba ta warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Amma a yi hattara da yawanta, tana taruwa a ƙasa ba ta tafiya, kuma ta fi yin illa a ƙasa mai tsami. Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 na tagulla a kowace hekta cikin shekara bakwai, wato kimanin kilo 4 a shekara.

Aliyu: Akwai kuma batun haɗin kai, wanda ban ji mun taɓa ba. Masu ƙananan gonaki a Monção sun kafa ƙungiyar gama kai tun 1958, suna kai amfaninsu wuri ɗaya, kuma hukumar da ke kula da inabin yankin, wadda aka kafa a 1926 take da mazauni a Porto, ita ke tantance abin da ya cancanci ɗaukar sunan. Ana kuma aika wa manoma sanarwar gargaɗi idan yanayi ya nuna cuta na tafe, don kowa ya yi feshi a kan kari. Wannan sanarwar ba ta bukatar komai sai ma'aunin ruwa da na zafi da mutum ɗaya mai lura.

Malam Garba: Ma'aunin ruwa ba zai gagare mu ba. Rumfata a yanzu da kyar take wuce kaina, kuma na saba barin ganyen da ya zube a gindi da niyyar ya zama taki, ashe cuta nake ajiye wa kaina. Bana zan ɗaga layi biyu in bar sauran yadda suke, in rubuta ranar da tabon farko ya fito a kowanne. Aliyu, abin da nake so ka auno mini shi ne tsawon ramada daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin dirka da dirka, da kuma yawan idon da suke bari a kowane reshe idan sun yi aski.

Aliyu: In sha Allah, Malam. Askinsu a tsakiyar sanyi suke yi, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma an ce za a kai mu wata gona kusa da garin Ponte de Lima a lokacin. Zan tafi da tef ɗin awo, in ɗauko hoton reshen kafin aski da bayansa in turo muku a nan.